Ƙamus ko Mega? A Ingilishi, Ji Ne Ke Korar Gani

Ɗan yayata ne ya kira ni daga Tahoua bayan sallar isha'i. Bana ya ci BEPC, jarrabawar gama kwaleji, zai shiga lise, wato babbar sakandare, kuma duk hutun nan yana tsare wa wani shagon kayan babur har ya tara ɗan abin da ya tara. Da muka gaisa, na tambayi mutan gida, sai ya ce: "Kawu, jikka goma gare ni. Mi ya hi, in sai diksiyonar ko in sa mega in riƙa dubawa cikin salula?" Wato da sefa 10,000 ɗin nan, ƙamus zai saya ko data ta intanet a waya. Na ce ya ba ni kwana biyu. Abin da na rubuta masa ne nake faɗaɗawa a nan, don masu wannan tambaya suna da yawa: ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, ƴan kasuwar da ke bin hanyar Ƙonni zuwa Illela da Sakkwato, da masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji a nan Yamai inda nake koyarwa. Tun watan Maris na 2025 kuma, da kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki, masu tambayar sai ƙaruwa suke. Ingilishi zan riƙa cewa, ba Turanci ba, domin a nan Nijar in ka ce wa dattijo Turanci yana iya ɗauka Faransanci kake nufi, tunda shi Baturen da ya sani ke nan.

Ni kaina shekara bakwai na yi ina Ingilishi a aji, daga siziyam, ajin farko na kwaleji, har terminal, ajin ƙarshe na lise, makina kuma ba laifi. Ranar da na fara sauka Sakkwato na tari wani ɗalibi a bakin titi, na gyara murya, na tambaye shi da Ingilishi ina *library* take, littafi nake so in saya. Bawan Allah ya sa ni gaba da ƙafa cikin rana, ya kai ni wani babban zaure cike da littattafai, mutane zaune shiru kamar ana huɗuba. Na ciro littafi na je wurin matar da ke tsaro na ce nawa ne. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce a nan ba a sayarwa, aro ake yi. *Librairie* ɗin Faransanci, mai nufin shagon littattafai, ce ta kai ni ta baro. Shagon littattafai *bookshop* ake ce masa. A hanyar dawowa na so in wanke kaina, na ce masa zan koma gida ran "wed-nes-dai". Ya yi jim, sannan ya ce da Hausa: "Malam, Laraba kake nufi?" Kalmar da na rubuta a kaye, littafin rubutuna, sau ba adadi, ashe "wenzdei" ake faɗi, d ɗin farko kwance yake ba a tashinsa.

A rana ɗaya na faɗi sau biyu, sau ɗaya a ma'ana, sau ɗaya a furuci. Tun daga nan duk hanyar da aka kawo mini ta koyon kalmomi da abu uku nake auna ta. Tana ba ka ma'anar kalma? Tana jiyar da kai yadda ake faɗinta? Tana nuna maka kalmomin da take tafiya da su cikin zance? Na biyun shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a Ingilishi shi ya fi cizo. Hausar boko yadda ka ga an rubuta kusan haka za ka karanta. Ingilishi haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, alhali a daidai lokacin bakin mutane yana ta sauya wasula, sai rubutu ya tsaya wuri ɗaya furuci ya yi gaba abinsa. Ga *though*, *through*, *tough*, *cough*: ƙarshensu iri ɗaya a ido, sauti huɗu a kunne. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A wannan harshe kam, ji ne ke korar gani.

Mu fara da abin da ɗan Nijar ya fi sani, ƙamus na takarda mai Ingilishi da Faransanci, irin su Harrap's, Larousse da Robert & Collins. Alfanunsa ba a ɓoye yake ba. Ba ya neman caji, ba ruwansa da rezo, wato sabis ɗin waya, wuta ta ɗauke ka kunna tocila ka ci gaba. Yaya ya gama ya miƙa wa ƙane, shekara goma yana aiki ko bangonsa ya tafi. Wurin masu baza littattafai a ƙasa a kewayen Babbar Kasuwa ana dacewa da na hannu, in mutum ya iya ciniki. Ga wanda Faransancinsa ya nuna kuma, akwai wata garaɓasa da tarihi ya bar masa. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, dubban kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi. *Justice*, *nation*, *table*, *important*, *government*: ɗan lise ya san su tun kafin a koya masa. Ɗalibin Kano ba shi da wannan jari.

Sai dai kama da wane ba ta wane. *Actually* ba *actuellement* ba ce, "a gaskiya" take nufi. *Attend* halarta ce, ba jira ba. *Assist* taimako ne. *Lecture* lacca ce. *Journey* tafiya ce, ba yini ba. *Demand* ba roƙo ba ne, nema ne da ƙarfi, don haka wanda ya rubuta wa shugaban ma'aikata "I demand a job" ya yi rashin kunya bai sani ba. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce ta jarrabawa. *Passer un examen* zama jarrabawa ne kawai, ko ka ci ko ka faɗi, amma *pass an exam* ci ne. Na taɓa jin ɗaliba ta shaida wa baƙuwa cewa ta yi *pass* ɗin BAC, jarrabawar gama lise, sau biyu, baƙuwar tana ta yi mata murna, ita kuwa sau biyu ta faɗi. Ƙamus mai kauri yana gargaɗi a kan irin waɗannan. Ɗan ƙaramin na aljihu kuwa jero maka fassara biyar zai yi ba misali ko ɗaya, ka zaɓa da ka.

Babbar illar wannan hanya ma a baki take. Kalmomin da suka zo maka kyauta daga Faransanci su ne za ka fi ɓata faɗinsu, domin idon da ya koyi karatu da Faransanci da shi zai karanta. Ka ga *nation* ka ce "nasiyon", alhali "neishan" ce. Ka ga *table* ka ce "tabl", alhali "teibul" ce, har gara teburin Bahaushe ya fi kusa. Faransanci a ƙarshen kalma yake sauke nauyi, Ingilishi kuwa kowace kalma da inda take ɗora nata, sau da yawa a farko. Shi ya sa za ka ga mutum ya haɗa jimla daidai, nahawu ba tangarɗa, ɗan Ghana yana ta ce masa ya maimaita.

Sai ƙamus mai Hausa. Wanda Faransancinsa bai zauna ba, ko bai yi lakwal ba sam, ba shi ƙamus mai Faransanci kamar ka ba mai ƙishi tulu ne da marfi a liƙe: ya duba kalma, ya sami wata da ita ma sai ya duba. Da Hausa kuwa ma'ana kai tsaye take shiga. Ayyukan suna nan. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, Abraham a 1949, su biyun daga Hausa suka fi dosar Ingilishi. Neil Skinner ya yi Kamus na Turanci da Hausa a shekarun 1960 don ɗaliban Arewacin Najeriya, Roxana Ma Newman kuma ta fitar da nata na Ingilishi zuwa Hausa a 1990. Matsalar biyu ce. Samun su a Kano ko Sakkwato ya fi sauƙi a kan Yamai, balle Tahoua. Sannan yawancin irin waɗannan ayyuka an yi su ne don baƙon da ke koyon Hausa. Na Roxana Newman, alal misali, yana nuna karin sauti da tsawon wasali na kalmar Hausa, abin da kai ka sha a nono, amma yadda za ka faɗi ta Ingilishin ya bar ka da Allah.

A nan ne kuma ake gane cewa kalma ba ta auren kalma ɗaya. Ɗauki "ci". Muna cin tuwo, muna cin kasuwa, muna cin jarrabawa, muna cin bashi, ana cin amana, ana cin mutunci. Ƙamus zai ce maka "ci" *eat* ce, kuma bai yi ƙarya ba, amma cikin shidan nan ɗaya kaɗai ke karɓar *eat*. "Sha" *drink* ce, amma ƙwayar magani *take* ake yi mata. "Ji" ta haɗe *hear*, *feel*, *smell* da *understand* a buhu ɗaya, shi ya sa ɗalibaina ke rubuta sun yi *hear* ɗin wari. "Kunya" kaɗai ta rabu gida uku ko huɗu: *shy* daban, *ashamed* daban, *embarrassed* daban, kuma kunyar da ake yabon ɗiya da ita a gidan surukai babu ɗaya cikinsu da ta kama ta sosai. Ingilishi ma yana da nasa "ci" ɗin: *get*, *take*, *run*, *set*. Duk hanyar da ta ba ka kalma tsirara, wannan daidai da waccan, za ta kai ka bakin kasuwa ne ta tsaya.

Wannan giɓi ne ƙamus na uku ya zo cikewa, mai bayyana Ingilishi da Ingilishi, wanda aka tsara musamman don baƙin harshe. A. S. Hornby malami ne da ya koyar a Japan, ya ga ƙamusun da aka yi wa ƴan Ingila ba ya amfanar ɗalibansa. Ya haɗa nasa, aka buga a Tokyo a 1942, Oxford ta sake bugawa a 1948, shi ne kakan Oxford Advanced Learner's Dictionary na yau. Longman ta fito da nata a 1978 da wata dabara: duk bayanin da ke ciki da kalmomi masu sauƙi wajen 2,000 aka yi shi. Irin wannan ƙamus yana ba ka ma'ana, ya ba ka jimlolin misali, ya ce maka ruwan sama mai yawa *heavy rain* ne, ya nuna maka *look after* kula ce, *give up* kuma saduda. Duk dubawa ɗaya ƙaramin darasin karatu ne. A wurina shi ne sarki. Amma ba na ba ɗan siziyam, don zai yi ta zagaye ne daga kalma zuwa kalma har ya manta abin da ya kawo shi. Gwajin da nake yi wa ɗalibi mai sauƙi ne: buɗe ko'ina, karanta bayani uku. In ka gane biyu ba taimako, ka isa hawa. In ba haka ba, zauna kan mai harshe biyu tukuna, ba abin kunya ba ne.

To, takarda ko waya? A nan ne tambayar yaron take.

Oxford, Cambridge da Longman duk suna da ƙamusun masu koyo a intanet, kyauta, WordReference kuma na haɗa Ingilishi da Faransanci. Abin da ya raba su da takarda ɗan hoton lasifikar nan ne da ke gefen kalma. Ka taɓa, murya ta faɗa maka, a na Oxford da Cambridge har iri biyu, ta Ingila da ta Amurka. Ka maimaita sau goma ba ta gajiya, ba ta yi maka dariya. Da ina da wannan a zamanina da ban sha kunyar Laraba ba. Kuma dubawar kalma ba ta cin mega sosai. Abin da ke cin mega ni da kai mun san shi. Ranar nan a fada, majalisar da muke shan shayi, ana kan shayi na biyu, wani ɗalibina ya ciro waya zai duba mana *receipt*, don gardama ta tashi ko ana faɗin p ɗin. Kafin ya rubuta saƙon WhatsApp ya faɗo, daga nan wani ya turo bidiyon TikTok, wayar ta zagaya hannu biyar ana dariya. Sai da aka zuba shayi na uku aka tuna da gardamar, lokacin caji ya kai ja. Ba a faɗin p ɗin, "risiit" ce, kamar dai rasit ɗin da ake ba ka a kanti. Jikka goma ta mega wata ɗaya ko biyu ta tafi, babu abin da za ka ɗora a kan tebur ka ce ga shi. Ga shi kuma ba a barin waya a aji, wani yaron ma wayar ta uwarsa ce.

Abin da mutane ba su lura ba shi ne, takarda ma tana magana, ga wanda ya iya sauraro. Alamomin nan da ke tsakanin sanduna biyu bayan kalma, waɗanda kowa ke tsallakewa kamar kwata, su ne furucin. Malaman harsuna ne suka ƙirƙiro su, ƙungiyar da Paul Passy ya jagoranta a Paris tun 1886, kuma ɓ da ɗ namu ma suna cikin jerin. Galibinsu haruffan da ka sani ne. Sababbin da za ka koya ba su fi cikin tafin hannu biyu ba: ʃ ita ce sh, θ da ð su ne *th* na *think* da na *this*, ə wani ɗan raunanan wasali ne da ya fi kowane yawa a Ingilishi, shi ne a farkon *about*. Ɗan karan da ke tsaye a sama kuma yana nuna gaɓar da za ka danna. Mako biyu sun isa mutum ya iya su, in akwai wanda zai faɗa masa sautin sau ɗaya, ko mushe, wato malamin aji, ko waya. Daga nan ƙamusun takarda ya daina zama bebe.

Kowace hanya ka bi, ka san inda bakin Bahaushe ke tuntuɓe. Mu p da f ba mu raba su ba. Dubi abin da muka yi wa kalmomin da muka aro: fensir, fenti, fasinja, famfo, duk da p suka zo. A Adar ma f ɗin kanta h take komawa, tahi, hwara. Wanda bai yi lakwal ba sai ya zauna da *pan* da *fan*, *pull* da *full*, ya riƙe takarda a gaban leɓe: in p ce takardar za ta motsa da bugun iska. V ma b take zama mana, *vote* ta koma *boat*. Ɗan lakwal Faransanci ya riga ya ba shi p da v, amma ya ƙwace masa h, sai ka ji yana cewa *eat* yana nufin *heat*, alhali a gida "hannu" da "hanya" yake faɗi lafiya lau. Baƙaƙe in sun taru ba wasali, mukan cusa musu namu, yadda *brake* ta zama burki, *screw* ta zama sukuru. Amma muna da abin da Bafaranshe ke nema ido rufe. Kunnen da ya raba gari na zama da gari na tuwo ba zai sha wuyar raba *ship* da *sheep* ba. Wanda ya san kukan yaro daban da kukar miya, in aka nuna masa *record* suna a farko ake dannawa, *record* aikatau a ƙarshe, nan take zai cafke. Ch, sh da j kuwa a gida muka same su.

Google Translate fa? Ya san Hausa tun 2013, kuma yana fitar da mutum kunya: saƙo ya zo daga abokin ciniki a Legas, ka liƙa, ka fahimci inda aka dosa. Da babu gara ba daɗi. Amma shi tafinta ne, tafinta kuwa ba ya koya maka harshe, ma'ana ɗaya zai zaɓa ya miƙo maka, gobe ka dawo masa da kalmar jiya. Duolingo, manhajar koyon harsuna a waya, yana da darasin Ingilishi ga masu jin Faransanci, yana jiyar da sauti, yana kuma da naci wajen tunatarwa. Ga mafari yana da daɗi, kamar wasa. Sai dai shi ke zaɓa maka kalmomin, kuma ba lalle su zama na littafin ajinka ko na kasuwarka ba. Ban hana ba, ban kuma ce a dogara da shi ba.

Sauraro kuwa dole ne, ko ka sayi ƙamus ko ba ka saya ba. BBC Learning English tana da shirin minti shida da ake iya saukewa a saurara ba rezo. Muryar Amurka ta fara shirin Ingilishi mai sauƙi tun 1959, ana magana a hankali da kalmomi wajen 1,500, kuma tsofaffin shirye-shiryen na yawo a intanet. Dabarar ita ce shiri ɗaya sau biyar, ba shiri biyar sau ɗaya ba: ka ji ba rubutu, ka ji da rubutu, ka tsayar ka maimaita da baki. Akan tambaye ni wanne za a bi, na Ingila ko na Amurka. Mai jarrabawa ya bi na mushensa ya huta. Wani Alhaji abokina mai kai albasa Najeriya, wanda allo kaɗai ya yi, da ya nemi shawara na ce masa: "Alhaji, kai ba Landan za ka ba. Ingilishin da zai ba ka riba yana bakin direbobi da dillalai." Na sa yaronsa ya rubuta masa jimloli talatin na ciniki da lissafi da asibiti, aka ɗauke su a murya cikin waya, yana saurare a mota. Ingilishin Najeriya ba abin rainawa ba ne. Babban ƙamus na Oxford da kansa ya shigar da kalmominsa 29 a farkon 2020, har da *okada* da *Kannywood*. Illa dai mutum ya san inda yake: "I am coming" a Sakkwato "ina zuwa" ce ta mai fita, a Landan kuwa za a tsaya ana jiran isowarka.

Saura abin da ke kayar da kowa, mantuwa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kansa ya wallafa a 1885 cewa yawancin abin da aka haddace a kwanakin farko yake zubewa, sai in an koma masa. Alarammomi ba su jira shi ba, da bita da tilawa suka tsare hadda tun kaka da kakanni. Wani Bajamushen, Sebastian Leitner, ya mai da abin tsari a 1972, kuma gwangwani uku na madara sun ishe ka kwaikwayonsa. Yanka kwali ƙanana. Gaba ka rubuta kalma da furucinta, baya ka sa ma'ana da jimla guda da ta shafe ka, ba ta littafi ba. Gwangwanin farko kullum ake dubawa, na biyu bayan kwana uku, na uku ran Juma'a. Katin da ka ci ya ƙara gaba, wanda ka faɗi ya koma na farko ko daga ina yake. Kuma da ƙarfi ake faɗa, ba a zuci ba. Manhajar Anki wannan aikin take yi, kyauta ce a Android, tana aiki ba rezo, ana ma iya sa mata murya. Ta fi gwangwani lissafi, gwangwani ya fi ta rashin TikTok a maƙwabta. Kada yawan kalmomin Ingilishi ya firgita ka. Kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su suna ɗauke da wajen kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum, kodayake Paul Nation, masanin wannan fanni, ya ƙiyasta sai da dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 mutum zai karanta jarida da littafin labari ba ya waiwayen ƙamus. Biyar a rana, in aka cire ranakun sallah da na zazzaɓi, shekara guda ta ba ka fiye da 1,500. Masu jiran sai BAC ta rage wata ɗaya su haɗiye jerin kalmomi ɗari biyar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda na raba. Wanda bai yi lakwal ba, kada ya ɓata kuɗinsa a ƙamus mai Faransanci, ya sa su a murya da mutumin da zai riƙa gyara masa. Ɗan jami'a, ko a Abdou Moumouni yake ko a Djibo Hamani ta Tahoua, da ma'aikacin da ke rubuta wasiƙa, su koma Ingilishi da Ingilishi, na waya ya wadatar in za su iya tsare kansu, su bar mai Faransanci sai an ƙure. Ɗan kwaleji da ɗan lise kuwa, abin da na gaya wa ɗan yayata ke nan: nemi na hannu mai Ingilishi da Faransanci, mai kauri, kada ka yarda da na aljihu. Kafin ka biya, buɗe *island*. In ka ga alamomin furuci bayanta, babu s a ciki, saya. In babu, ajiye masa abinsa ko da kyauta ya ba ka. Canjin da ya rage ka sayi kaye da bik na rubutu, sauran ka riƙa sa mega kaɗan-kaɗan, ran Asabar ka ari wayar innarka ka saurari kalmomin mako gaba ɗaya, ka mayar mata.

Ya bi shawarar, ko da yake ya ce kwalin da ya yanka na sabulun innarsa ne, ta yi faɗa. Makon jiya da dare sai ga saƙon murya, ransa a ɓace: "Kawu, wagga kalma *colonel*, na duba alamomin, na kuma saurara cikin salula. Babu l na tsakiya, babu o. Wai 'kaanal'. Anya ba kuskure sunka yi ba?"

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Na ce masa ya je ya tambayi kakansa, wanda bai taɓa riƙe ƙamus ba, yadda ake kiran hafsan da ke sama da manjo a Najeriya. Kanar zai ce masa. Ya tambaye shi kuma inda ake ajiye kwanoni a gidan ɗan boko, zai ce kabad, ba p ɗin *cupboard* ko ɗaya, daidai yadda ƴan Ingila ke faɗi. Waɗanda suka aro mana su ba su ga rubutun ba, a bakin Bature suka ji.

Bayan minti goma ya sake turo wani saƙon, ana jin muryar tsohon daga nesa yana tambayar wane kanar ake nema.